Kakin da Ya Tsatso a Bangon Abba

Ranar da ya fara shigowa ɗakin gwajin kamfaninsu, tana tsaye gaban injin gauraya, hannunta duk farin gari. Injiniyan gini ne, ya zo ganin abin da suke haɗawa: ƙwayoyi ƙanana kamar ƙura, kowace da ɗigon kakin kyandir a cikin ɓawon roba. In an kwaɓa su da filasta, kakin ya narke da rana ya shanye zafin ɗaki, in gari ya yi sanyi ya daskare.

"Wato bango ne zai riƙa yin zufa a madadina?" ya ce.

Dariya ta kuɓuce mata. Daga ranar ya laƙaba mata Sanyina.

Soyayya ta yi nisa, sai dai tambayoyinsa sun yi yawa, kuma duk a kan ƙwayoyin. Dogo, abokin aikinta da ya daɗe yana haɗiye sonta, ya samu ƙofa.

"Ke yake so ko sirrin kamfani? Na ji yana shiga wajen abokan hamayyarmu."

Abba, mahaifinta, shi ma bai yarda da injiniyan ba. "Saurayin da hirarsa duk ta aikinki ce, a bi shi a hankali."

Ana cikin haka saƙon injiniyan ya shigo: "Sanyina, da wane gudu ake juya injin kafin ɓawon ya kama?"

Maganar Dogo ta faɗo mata a rai. Ta tura masa gudun ƙarya, wanda zai sa ɓawon ya yi siriri ya fashe. In kayan wancan kamfanin suka fito a lalace, ta gama gane shi. Makonni ta yi tana kasa kunne, tana ramewa.

Ranar da Abba ya dawo daga tafiya ya ƙwala mata kira. Bangon ɗakinsa sabon filasta ne, amma maiƙo ya tsatso ko'ina. Injiniya na rakuɓe a bakin ƙofa, Umma na gefe tana murza hannu.

"Ni na ba shi izini," in ji Umma. "Ya ji kin ce zafi na hana Abbanku sakewa, ya haɗa ƙwayoyin da kansa."

"Na bi abin da kika faɗa daidai," ya ce a hankali. "Ban san inda na kuskure ba."

Hawaye suka zubo mata. "Ba ka kuskure ba. Ƙarya na yi maka, na ɗauka sirrin za ka sayar."

Tsoron rasa shi ya cika ta.

"Abin ya yi mini ciwo," ya ce. "Amma kankare bangon nan aikin mutum biyu ne, Sanyina."

Abba ya shafa bangon, ya dubi yatsunsa. "Ni ma na zarge ka, ɗana, ka yafe mini. Turo iyayenka. Allah Ya yi muku albarka, Ya sanyaya gidanku."

Umma ta amsa da amin. Kafin sabon filasta ya gama bushewa aka ɗaura aure.