Kwana Biyat

Ranar Talata da hantsi, Sufeto Tasi'u yana tsakiyar shan kunu a ofishinsa na Anka saƙo ya shigo wayarsa: "Yallab'ai an d'auke maganin yara a asibitinmu, kuma mun san b'arauniyar. Makau."

Sufeto ya ja tsaki. Shi fa a duniya ba abin da ya tsana irin a kawo masa ƙara tare da ɓarawo a naɗe. Ya ajiye kofin, ya ƙwala wa Sajan Nuhu kira ya fito da mota.

Sufeto Tasi'u mutumin Bukkuyum ne, amma in yana magana ba za ka gane ba. Shekara ashirin ya yi yana aiki tsakanin Kano da Kaduna, abokan aiki suka yi ta kwaikwayon harshensa, kowa ya gan shi sai ya ce "mi kac ce?" a fashe da dariya. Haushi ya sa ya kankare bakinsa tas. Ko da aka dawo da shi gida bara, bai koma wa Hausar Innarsa ba.

Asibitin ƙarami ne, a bakin hanyar Gummi, yawancin aikinsa jinyar yaran da gubar dalma ta kama a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinari. Dokta Cornelius, wanda shekararsa biyu ke nan a wurin, ya tarbe su ido jajur.

"Kwalba goma sha biyu, Sufeto. Yau na nemi magani don yara uku da ke kwance, aka ce saura kaɗan."

"Yaya magani yake fita a nan?"

"In na duba yaro, ina yin bayani a waya, har da abin da uwarsa ta faɗa. Akawu ta saurara ta buga a kwamfuta. Ɗakin magani su ga takarda, su aika kwalba ofishin fayil a haɗa da katin yaro, sannan mota ta kai ƙauye. Waɗannan takardun sha biyu ban taɓa yin bayaninsu ba."

Ya miƙa su. Kowace takarda a ƙasanta an buga suna ɗaya, na akawun: Uwani Sa'idu.

Malam Makau, shugaban ofishin fayil, shi ya aiko saƙon. Dattijo ne mai furfura a gemu, biro uku a aljihun gaba. Tun kafin a tambaye shi ya fara.

"Yallaɓai, na faɗa musu tun farko. Matar da ta saba aiki a ɗaki, tana bugawa tana duba tukunya, ina ita ina ofis? Wata uku kacal da zuwanta, ga abin da ya faru."

"Kai ba ka taɓa kwamfutar?"

"Ni? Ni mutumin biro ne. Ko kunna ta ban iya ba."

Sufeto ya duba lambobin katin da ke kan takardun, ya ga duk ƙanana ne. "Waɗannan tsofaffin lambobi ne. Ina fayil ɗinsu?"

Makau ya nuna wata doguwar kabad ta ƙarfe a lungu. "Can. Makullin yana wurina, amma rabon da a buɗe ta shekara uku. Kwaɗon ma ya yi tsatsa. Ai a kanta ta haddace lambobin, ita ta buga su tun tana gida."

Maganar ta hau, Sufeto bai ji daɗin hawanta ba.

A wani ɗan ɗaki aka zaunar da Uwani. Mace ce da ta haura arba'in, siririya, hijabinta a goge, hannuwanta biyu a kan cinya. Ta san in aka fita da ita daga nan a motar 'yan sanda, aikin da ta yi shekaru tana mafarki ya tafi, sunanta kuma ya ɓaci daga Anka har Gummi. Amma ko ɗigon hawaye babu a idonta.

"Malama, me kike yi kafin ki zo nan?"

"Shekara sha biyu ina rubuta maganar likitoci a ɗakina, can Gummi, Yallaɓai. Da hwarko direba ka kawo mini ɗan katin waya cike da murya, daga baya anka koma turowa ta waya. In sa abin saurare a kunne, in buga, in maido. Da ɗiyana sunka girma, maigida ya ce in nemi aikin ofis."

Sufeto ya ji harshen ya daki ƙirjinsa. Haka Innarsa take magana, ba ragi. Ya ɗaure fuska.

"Wa ya san lambar sirrinki ta kwamfuta?"

"Ran da niz zo, Malam Makau ya ce doka ta, in rubuta mishi a takarda shi aje, ko da zan yi rashin lahiya."

"Shi ya ce bai iya kwamfuta ba."

"Ni dai ban taɓa ganin shi bisa ba, ba ni yi mishi ƙarya."

Ya tura mata takardun. "Sunanki ne a nan."

Ta ɗauka tana dubawa ɗaya bayan ɗaya. A ta bakwai ta tsaya cak.

"Innalillahi! Saifullahi na Tungar Guru? Yallaɓai, yaron ga ya rasu shekara goma sha ɗaya ke nan. Ni nir rubuta."

"Kin tabbata? Yara nawa suka wuce ta hannunki?"

"Sun hi dubu, kuma ban taɓa ganin huskar ko guda ba. Amma kunnena bai mantuwa. Ranar ina bugawa ina kuka, har girkina ya ƙone. Kuma dubi nan." Ta ɗora yatsa a kan wani layi. "Wannan ba maganar mutanenmu ba ta."

Sufeto ya karanta: Uwarsa ta ce, yarona yana fad'uwa, kwana biyar ba ya cin abinci.

"To, mene ne laifinsa?"

"Wace mata ta Tungar Guru ka cewa haka? Ka sa a ɗauko maka aikina na gaske ka gani."

Sajan Nuhu ya kwaso takardun makon jiya, waɗanda Dokta ya tabbatar nasa ne. Sufeto ya zari ɗaya: Inna ta ce, ɗana shina hwaɗuwa, kwana biyat bai cin tuwo. Ya zari wata, ya sake zarar wata. Ko'ina "biyat", ko'ina "tahi", ko'ina "munka". Kuma kowane harafi mai lanƙwasa yana nan da lanƙwasarsa.

"Me ya sa ba kya gyarawa? A makaranta ai ba haka aka koya miki ba."

Uwani ta ɗaga kai ta dube shi ido cikin ido. "Ba a gyara ma mara lahiya magana, Yallaɓai. Aikina in rubuta abin da kunnena ya ji. In ban ji ba, in bar wurin hili in sa alama, ba ni cikawa da kaina. In nig gyara kalma yau, gobe lambar magani za ni gyarawa."

Kai, maganar nan ta shige shi! Duk wanda ya yi boko, ko a Gummi aka binne cibiyarsa, in ya ɗauki biro Hausar Kano yake rubutawa. Shi kansa haka ne. Mutum ɗaya ce a ginin nan take rubuta Hausar gida, ita ce kuma aka ce ta rubuta takardun da ba ko kalma ɗaya ta gida a ciki.

Ya sake kallon "fad'uwa". Ya ciro wayarsa, ya buɗe saƙon safe, ya daɗe yana kallo.

Ya koma ofishin fayil shi kaɗai, ya tsuguna gaban kabad ɗin. Jikin kwaɗon ya yi tsatsa, gaskiyar Makau. Amma kiyashi ne jere suna hawa ƙarfen, suna shiga ramin makulli. Kiyashi ba ya cin tsatsa. Sufeto ya shafa yatsa ya sunsuna, ya ji man gyaɗa.

Bayan azahar ya tara su a ofishin: Dokta, Makau da Uwani, Sajan Nuhu a bakin ƙofa.

"Malam Makau, buɗe mana kabad."

"Yallaɓai, na ce maka ya yi tsatsa, sai an kira mai walda."

"Gwada dai."

Makullin ya juya sumul, ko ƙara bai yi ba. Makau ya share goshi da hannun riga.

Sufeto ya zaro fayil ɗin Saifullahi, ya riƙe shi a rufe. "Malama Uwani, me ke shafin ƙarshe?"

Ta lumshe ido kamar mai sauraron wata murya. "Inna Basira ta ce, mun tahi gida da shi ran Lahadi, ran Laraba da walaha Allah ya karɓi abinai. Ku yi ma likita godiya, ya yi ƙoƙari."

Sufeto ya buɗe shafin ya miƙa wa Dokta. Dokta Cornelius ya bi layin da yatsa har ƙarshe, sannan ya cire tabarau. "Ko kalma ɗaya ba ta sauya ba."

"Wanda ya buga takardun nan bangon fayil kawai ya duba," in ji Sufeto. "Ya kwafi suna da lamba da shekaru. Shi ya sa yaron da ya rasu tun shekara sha ɗaya har yau yake ɗan shekara uku, yana shan magani. Malama Uwani ba za ta yi wannan kuskuren ba. Kai kuwa, Malam, shekara sha biyar kana gadin fayil, ba ka taɓa karanta ɗaya har ƙarshe ba."

"Wannan ƙage ne! Ni ban iya..."

Sufeto ya ajiye wayarsa kusa da takardar bogi. "Ga saƙonka, ga takarda. D'auke. Fad'uwa. Ita tana da haruffanta masu lanƙwasa, kai ne kake sa musu ɗan wutsiya. Makulli naka, lambar sirri a aljihunka, mai a kwaɗo. In aika Sajan gidanka, ko za ka hutar da mu?"

Makau ya zauna a kujera daɓas.

"Masu haƙar zinari nake sayar wa," ya ce a hankali. "Suna tsoron dalma, ba sa son zuwa asibiti. Ranar Juma'a in kowa ya tashi nake bugawa. Kwalba huɗu suna nan gida, ban kai ba. Na ɗauka ba wanda zai tsaya wa matar da ta fito daga ɗaki jiya-jiya."

"Daga ɗakin ta san yaran nan fiye da kai da kake kwana a kan fayil ɗinsu. Sajan, sa masa ankwa, ku biya ku ɗauko kwalaben. Yara na jira."

Aka fita da shi, biro ɗaya ya faɗo daga aljihunsa, ba wanda ya duƙa ya ɗauka.

Dokta ya zare makullin daga kwaɗon ya miƙa wa Uwani da hannu biyu. "Ki yi haƙuri, Malama. Daga yau ke ce da ofishin nan."

Ta karɓa, amma ba ta yi godiya ba tukuna. Ta ɗauki fayil ɗin Saifullahi, ta share bangon da gefen hijabinta, ta mayar da shi gurbinsa. "A bar shi shi kwanta haka nan," ta ce. Sai a nan hawayen suka zo.

Da la'asar Sufeto ya rubuta bayaninta da hannunsa, ya ba Sajan Nuhu ya buga. Can sai ga Sajan ya leƙo da takardar.

"Oga, akwai kuskure a nan. Ka sa 'biyat'. In gyara?"

Sufeto Tasi'u ya ɗago. Shekara ashirin yana ɓoye harshen nan, yau kuwa ji ya yi ƙirjinsa ya cika fal.

"Mi za ka gyara?" ya ce. "Haka tac ce. Bar shi awa yadda shike."