Tamanin Da Huɗu

"Sadiƙa! Ke Sadiƙa! Wai wayar nan za mu ci yau ko tuwo?"

Umma Mas'uda ce ke ƙwala kira daga madafa, hayaƙi ya cika mata ido. Sadiƙa na zaune a kan turmi a tsakar gidansu da ke Karaye, ta duƙufa a kan waya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

"Umma, layi biyu suka rage, don Allah!"

"Jiya ma layi biyu ne, har miya ta kama."

Layi biyun nan kuwa su ne sana'arta. Saurayinta Suhaibu, ɗan Fulanin Ruwan Bago ta ƙasar Rogo, yana da shirin hira da yake ɗauka da waya yana ɗorawa a intanet, abin da samari ke kira fodkas. Yakan zauna da tsofaffin manoma da makiyaya su yi ta zuba masa abin da suka sani. Murya kam Allah ya ba shi, amma in ya tashi rubuta bayanin da ake sakawa a ƙarƙashin bidiyo, sai ka rantse takardar sammaci ce. "Hira da wani dattijo." Shi ke nan! Shekara guda yana fama, masu bibiyarsa ba su cika ɗari uku ba, rabinsu ma abokan makaranta ne da kunya ta sa suka danna.

Ranar da Sadiƙa ta karɓi aikin, a zaure ta yi masa karatu, yana murmushi yana kallon bakinta.

"Layi biyun farko su kaɗai mutum ke gani. In ba su kama shi ba, ya wuce, ba zai waiwayo ba. Ka sa sunan gari, kowa na son ya ga garinsu. Ka sa kalmar da mutum zai rubuta in yana nema, kamar maganin ciwon kofato. Kuma ka sa lamba, Suhaibu. Lamba tana tsayar da ido! Can ƙasa sai ka roƙe su su yi sabskiraib, wato su danna su riƙa bibiyarka."

"To Malama," in ji shi, "ga fasuwod ɗin buɗe shafin, ki yi yadda kika ga dama."

Cikin wata biyar ɗari uku ta koma dubu biyu. Soyayya ma ta yi gaba, don an kai gaisuwa, an sa rana bayan kaka.

Bidiyon da ya hana ta tuƙa tuwo a wannan yammaci na musamman ne. Bayan dogon lallashi, mahaifin Suhaibu, Baffa Hammawa, ya yarda ya yi magana a kan yadda yake kula da shanu da damina. Sadiƙa na so wannan ya fi kowanne tashi, don ta burge surukinta. Ta sa gari, ta sa ciwon kofato, lamba ce ta rasa. Sai ta tuna wata rana wajen zance ta tsokani Suhaibu da tambayar shanun gidansu nawa ne. Ya waiga hagu da dama, ya rage murya ya ce, "Ba a faɗa fa. Amma ke ce, tamanin da huɗu." Ita ta ɗauka salon samari ne kawai. A gidansu, mahaifinta Malam Mijinyawa a ƙofar gida yake ƙirga buhunan gyaɗarsa da ƙarfi don maƙwabta su ji su taya shi hamdala. A wurinta faɗar yawan abin da mutum ya mallaka yabo ne.

Sai ta rubuta: "Dattijo mai shanu tamanin da huɗu a Ruwan Bago, gab da rafi. Shekara talatin ciwon kofato bai kashe masa ko ɗaya ba. Ga sirrinsa!" Ta karanta sau biyu, ya yi mata daɗi, ta ɗora, ta tashi ta kama muciya.

Suhaibu yana ruga a makon nan, inda babu sabis. Kafin ya shigo Rogo ya kunna data, kwana uku sun wuce, mutum dubu arba'in sun kalla, masu bibiya sun haura dubu tara. Da wayarta ta yi ƙara, Sadiƙa ta ɗaga da dariya tana jiran kirari.

"Goge!" in ji Suhaibu. "Sadiƙa, goge lambar nan yanzu!"

"Haba, me ya faru? Ba ka ga yadda ya tashi ba? Yabo ne fa!"

"Bafillace ba ya ƙirga shanunsa a gaban mutane. Innata ma ba ta taɓa jin lambar nan daga bakin Baffa ba. Kin faɗi yawansu, kin faɗi inda suke!"

Nan take ta goge. Amma magana zarar bunu ce. Tuni an ɗauki hoton rubutun ana yawo da shi daga waya zuwa waya.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan, da la'asar sakaliya, Ƙasimu, yayan Suhaibu, yana kiwo a bakin rafi sai ga mutane a kan babura da bindigogi. Babbansu ya dubi garken ya ce, "Tamanin da huɗu muka gani a waya. Ina sauran?" Da ya ƙi magana suka karya masa ƙafa, suka kora saba'in da bakwai. Bakwai ɗin da suka tsira masu jego ne da aka bari a gida.

Ranar da labarin ya iso Karaye, Sadiƙa ta faɗi a tsakar gida tana birgima. Sai bayan kwana huɗu Suhaibu ya zo, ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Na ce wa Baffa ni na rubuta," ya ce, kansa a ƙasa.

"Innalillahi! Don me?"

"Don in suka san ke ce, auren nan ya mutu. Ni ɗansa ne, zai huce."

"Me ya ce maka?"

"Ya ce ba zai hana ni aure ba, tun da an riga an sa rana. Amma kada in ƙara taka masa gida. Yanzu a shagon abokina nake kwana a Rogo." Ya ɗago ya dube ta. "Ki yi mini alkawari za ki yi shiru."

Umma Mas'uda, wadda ta ji komai ta bayan labule, ta tare ta bayan ya tafi.

"Kin ji abin da ya ce. Yaro ya rufa miki asiri, ki rufa wa kanki. Tsakanin uba da ɗa sai Allah, gobe za su shirya. Ke kuwa in kika buɗe baki, wa zai shirya ki da su? In kika faɗa wa babanki ma ban yafe ba."

Ta yi shiru, wata biyu cur. Ana ta ɗinkin kayan biki, ita kuwa abinci ya daina wuce mata. Duk safiya ta duba waya sai ta ga masu bibiya sun ƙaru, ta ji kamar ta jefa ta a rijiya. Tana son Suhaibu son da ba ta san tana da shi ba sai yanzu, kuma ta san shirun nan kaɗai ke riƙe da aurensu. Da Sallah ta zo, ta ji labarin ya je gaida mahaifinsa a filin idi, ya durƙusa a gabansa, dattijon ya kewaye shi ya wuce kamar kututture ne a hanya. Wannan ne ya ƙarasa ta.

Washegari da hantsi ta sami Malam Mijinyawa a zaure, ta zube ta faɗa masa komai. Ya ajiye carbinsa ya dube ta.

"Kin san abin da zai biyo baya?"

"Na sani, Baba."

"To ɗauko mayafinki."

Umma ta biyo su har ƙofar gida tana kuka tana cewa, "Malam, za ka kashe wa 'yarka aure da hannunka!" Shi kuwa ya tada babur, suka nufi Ruwan Bago.

Sun sami Baffa Hammawa a gindin tsamiya, sanda a kan cinyarsa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da iyali da gajiya, Malam Mijinyawa ya jajanta, dattijon ya ce, "Ikon Allah ne." Inna Hajo, mahaifiyar Suhaibu, ta kawo ruwa a ƙwarya, ta ba da haƙuri cewa nono ya yi ƙaranci. Sadiƙa ta ji maganar nan kamar an watsa mata garwashi. Ta durƙusa nesa da tabarma.

"Baffa, ba Suhaibu ne ya rubuta ba. Ni ce. Bai ma gani ba sai bayan kwana uku. Ƙarya ya yi maka don ya kare ni."

Inna Hajo ta saki salati. "Ke ce? Ke ce kika karya mini ɗa, kika kore mini ɗayan, kuma kina shirin shigo mini gida da lalle?"

Baffa ya ɗaga hannu, ta yi shiru. Bai dubi Sadiƙa ba.

"Ni ban iya boko ba," ya ce. "Kowa ya karanta abin nan ban da ni. Karanta mini."

"Baffa, na goge shi."

"Wanda ya rubuta ba ya mantawa. Faɗa mini yadda yake."

Ta faɗa, kalma bayan kalma, hawaye na shiga mata baki. Da ta kai "tamanin da huɗu" sai ta rufe fuska da mayafi. Dattijon ya rufe ido.

"Ba ki yi ƙarya ba. Haka suke. Ashirin da biyu na gada daga mahaifina, sauran a hannuna aka haife su, kowace na san uwarta." Ya numfasa. "Me kika samu da kika faɗa?"

"Mutane, Baffa. Masu kallo."

"Suna ina yanzu?"

Malam Mijinyawa ya sunkuyar da kai.

"Malam," in ji Baffa, "ka haifi 'ya mai gaskiya, wannan ba zan ɓoye ba. A aika wa yaron ya dawo gida yau. Amma aure, a ɗaga. Ban ce a'a ba, ban ce i ba. Idona ba zai iya ganin ta a gidan nan yanzu ba, kuma ban san ranar da zai iya ba."

Haka aka kwance ranar biki. Karaye ta ɗauka, kowa da irin tasa, har waɗanda ba su san bayanin bidiyo ba suka zama malamai a kansa. Umma ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarta da sakin fuska. Suhaibu da kansa ya yi fushi, ya kira ta yana cewa, "Na ce ki yi shiru!" Ta ce, "Da wane ido zan zauna da kai, ubanka na kewaye ka saboda ni?" Sai ya fashe da kuka, ita ma ta taya shi.

Damina biyu ta wuce. Manema sun zo, har da wani mai shagon siminti da Umma ta nace a kansa, Sadiƙa ta ce tana jira. Da Suhaibu ya koma ɗaukar shiri, ita ta ci gaba da rubuta bayanin, amma da sabon sharaɗi. Ba ta ƙara ɗora layi ɗaya ba sai an karanta wa wanda aka yi hirar da shi, ya ji da kunnensa, ya ce ya yarda. Wani ya ce a cire sunan ƙauyensu, wani ya ce a cire yawan gonakinsa, ta cire ba musu. Masu bibiya suka riƙa ƙaruwa a hankali, ba kamar da ba, ba ta damu ba.

Ranar wata Laraba bayan an gama girbin gyaɗa, sai ga ƙanin Baffa Hammawa a ƙofar gidansu da ƙullin goro. Saƙon gajere ne: Baffa ya ce a sa rana.

An ɗaura aure ba kiɗa ba taro. Haƙurinta ya biya ta, ta sami wanda take so, kuma ta shiga gidan da gaskiyarta. Sai dai ku sani, 'yan'uwa masu riƙe da waya, gaskiya tana gyara zumunci amma ba ta dawo da abin da yatsa ya riga ya aika. Abin da aka faɗa maka da ƙaramar murya amana ne, ko da zai tara maka duniya. Kafin ka rubuta labarin wani, tambayi mai shi.

Shanun ba su dawo ba, ko ɗaya. Kowace safiya in Sadiƙa ta fito shara, Ƙasimu kan wuce ta gabanta zai kora ɗan abin da ya rage zuwa rafi, yana jan ƙafar da ta ɗoru a karkace. Sai ya tsaya, ya yi mata murmushi.

"Amarya, an tashi lafiya?"

Bai taɓa ce mata komai ba bayan wannan, kuma ba ta taɓa iya ɗaga ido ta amsa ba.