Batirin da Aka Tsamo daga Kwata

Magariba ta kawo kai, Umma tana tsakar gida tana kwashe shanya, sai dutsen farko ya faɗo a kan kwanon rufi. Ta ɗaga kai ta yi tsaki, a zatonta yaran maƙwabta ne. Na biyu bai taɓa rufi ba, a gaban ƙafarta ya sauka, jiƙe sharkaf da baƙin taɓo irin na kwata. Ta ture shi da gefen takalmi. Warin da ya taso ya sa ta toshe hanci da zanen da ke hannunta, kuma wari ne da ta sani, don ya daɗe yana bin ta a cikin gidan nan.

Su uku ne a gidan. Ita, da mijinta mai gyaran agogo, da 'yarsu Auta da ke shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya. Duk karatun Auta a cikin laftof ɗinta yake, shi kuwa laftof ɗin batirinsa ya lalace. Da fari cajin ne ba ya daɗewa, daga baya batirin ya kumbura har madannan suka ɗago, murfin ya ƙi rufuwa.

Shi kuwa mijin nata, Abban Auta, mutum ne da bai yarda akwai abin da aka ɗaure da noti da zai gagare shi ba. Wata rana da yamma, kwanakin baya, ya shimfiɗa tabarma, ya fito da 'yan ƙarafunansa na aiki, ya buɗe cikin kwamfutar ya zaro batirin. Abin ya yi suntum, yana zafi, yana fitar da wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar ruɓaɓɓen lemo. Umma ta ce ya bari gari ya waye a san inda za a kai shi. Ko kallonta bai yi ba. Ya zagaya bayan gida ana kiran salla, ya wurga shi cikin kwata, ko bismilla babu. Daga inda take tsaye ta ji ƙarar abin a cikin ruwa, cuuu, ta daɗe ba ta tsaya ba.

Washegari wani abokin sana'arsa ya tsegunta masa cewa kamfanin da ya ƙera kwamfutar na canza irin wannan batirin kyauta. Ya rufe shago ya tafi. Ma'aikacin da ya tarar ya lissafa masa sharuɗɗa: batirin asali ya kasance a cikin kwamfutar, kada a ga alamar wani ya buɗe ta, sannan a fara sabunta manhajarta tukuna, idan bayan nan matsalar ba ta gushe ba a kawo musu su duba ko ta cancanta.

Wani zai haƙura ya ce ya yi asara. Ban da Abban Auta. Ya dawo gida ya naɗe wando zuwa gwiwa, dattijo da furfurarsa, ya shiga kwatar da duk unguwa ke zubar da ƙazantarta. Ya yi ta laluben taɓo da hannu, ledoji da gashi da abin da baki ba zai faɗa ba suna manne masa a damtse, har ya tsamo shi. A cikin robar wanke-wanken Umma ya wanke shi. Ranar ta kasa cin abinci, robar kuwa ta jefar da ita. Ya shanya batirin, ya maƙala gilashinsa na aiki a ido, ya mayar da shi mazauninsa, ya ɗauki ɗan hantsaki ya sake liƙe 'yar takardar tambarin kamfani da ke rufe notin kamar ba a taɓa ɗaga ta ba. Har kiranta ya yi ta zo ta ga gwaninta.

Aka jona kwamfutar a ɗakin Auta, aka sa ta sabuntawa. Wani ɗan layi ya bayyana a fuskarta yana jan ciki. Sai ya kusa kaiwa ƙarshe, ta mutu, ta sake tashi, ta faro daga farko. Ta yi zafi har ba a iya dafa teburin. Abban Auta ya kafa doka, kada wanda ya cire ta daga wuta, don kamfani ya ce sai an gama.

Tun daga nan gidan ya canza. Warin ya kama labule, ya kama ruwan randa, ya kama har burodin da aka sayo da safe. Da rana ta faɗi sai a ji kukan jariri siriri daga ɗakin Auta, alhali babu jariri ko a maƙwabta. Ƙudaje suka mamaye tagarta. Umma ta yi magana har ta gaji, shi kuwa amsarsa ɗaya, ɓera ne ya mutu a silin.

To, yammacin da duwatsun suka faɗo, Umma ta ajiye kayan shanya ta nufi ɗakin 'yarta. Ba a kunna fitila ba, hasken kwamfutar kaɗai ne. Auta na tsugune a ƙasa, ta rungume matashi tana jijjiga shi. Baƙin ruwa na bin gefen bakinta yana ɗiga a kan rigar makarantarta. Umma ta kira ta. Yarinyar ta waiwayo a hankali, ta yi magana da muryar wata tsohuwa mai kaushi.

"Ku kashe wutar nan. Kuna dafa min ɗa."

Umma ta ja da baya. Tsoro ya kama ta, ƙyama ta kama ta, ga shi kuma 'yarta ce, dole ta matsa ta goge mata baki da gefen mayafi.

Auta ta daina ci, ta daina gane mutane. Fatarta ta yi zafi irin na teburin nan, cikinta ya fara ɗagowa yana tauri. A asibiti aka auna aka ce ba a ga komai ba. Yayan Umma ne ya zo da wani malami mai ruƙiyya, tsoho marar yawan magana, da la'asar sakaliya. Yana sa ƙafa a ɗakin ya ja baya ya tofar da yawu a waje, sannan ya shiga ya zauna. Ya ce a riƙe yarinyar, ya soma karatu.

Ya daɗe yana yi. Inuwa ta cika ɗakin, unguwa ta yi tsit. Can Auta ta sandare, ta yi wani gurnani, tsohuwar ta fito. Malam ya tambaye ta ko wace ce, da abin da ya kawo ta jikin 'yar mutane.

Ta ce a kwatar bayan gidan nan take zaune tun kafin a aza tubalin gidan. Ta sha ruwan wankinsu da na wanke-wankensu ba ta taɓa cewa uffan ba. Rannan aka jefo mata wuta a ka, ta ƙone mata jariri a baya. Duk da haka ta haƙura, da abin ya huce ta ga yana da sauran ɗumi, sai ta shiga ciki da ɗanta tana jinyarsa, tunda abin da aka yar ai na wanda ya tsinta ne. Sai ga hannun mutumin nan ya zo ya kwashe su, ya kulle su a cikin akwati, ya liƙe ƙofa, ya sa musu wuta dare da rana. Da zafi ya yi yawa ta nemi wuri mafi kusa.

Malam ya ce ta fita. Ta ce ta samu ɗaki mai laushi, ba za ta fita ba. Ya ƙara karatu har ta yi kururuwa. Ta ce to a zubar mata da jini. Ya ce ba za ta samu ko ɗigo ba. Suka yi ta ja, har ta sauko da kanta. Ta ce a kashe wutar, a ciro batirin, a kai shi bayan gari a binne a busasshiyar ƙasa kafin hasken yau ya ƙare, za ta koma ciki da ɗanta su bar yarinyar. Idan duhu ya rufa ba a yi ba, ta zauna ke nan.

Malam ya waiwaya ya dubi mai gidan, don shi kaɗai ya san yadda ya liƙe abin. Umma ma ta dube shi. Yana tsaye a bakin ƙofa, amma idonsa ba a kan 'yarsa yake ba, yana kan fuskar kwamfutar, inda layin nan ya kai ƙarshe a karon farko, rubutu ya fito cewa an kammala. Ya sosa ƙeya, ya gyara murya.

"Malam, ko za a tambaye ta ta ƙara haƙuri zuwa gobe da hantsi? Ka ga an gama sabuntawar. Da sun duba sun canza, sai in roƙe su su ba ni tsohon."

Yayan Umma ya sunkuyar da kai. Aljanar ta zuba masa ido ta cikin idon 'yarsa, ta daɗe, sannan ta tara baƙin yawu ta tofa a gabansa.

"Tir," in ji ta. "A kwata nake kwana, amma ban taɓa jin irin wannan ba."

Umma ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta fizge wayar daga bango, ta ɗauko wuƙar kicin, ta kifa laftof ɗin a ƙasa ta soka ta tsakiyar tambarin da ya liƙe. Robar ta tsage. Mijinta ya ce wani abu game da garantin kamfani, ba ta ji ba. Ta ɓanɓaro batirin da tsumma, yana yauƙi yana wari, ta jefa a tsohon bokiti ta miƙa wa yayanta. Shi da Malam suka hau babur, sauran haske kaɗan a sama.

Ana idar da sallar magariba Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta yi amai baƙi ƙirin, jikinta ya saki. Umma ta wanke ta, ta canza mata kaya, ta buɗe tagogi. Zafin ya sauka, cikin ya kwanta.

Da ta buɗe ido, ubanta ya matso da kofin ruwa, yana sannu, sannu 'yar Abba. Auta ta dubi kofin, ta dubi hannun da ke riƙe da shi, ta juyar da fuska wajen uwarta.

"Umma, ina ciki fa. Bakina ne kawai ba nawa ba. Duk na ji, har goben da ya ce."

Ya tsaya da kofin a hannu, ya rasa inda zai ajiye shi. Umma ta ratsa ta gefensa, ta je ta ɗebo mata wani ruwan da kanta.