Matar Mai Duba Takalma

"Birki! Birki na ce, Zuma! Wai ina hankalinki yake ne?"

Ta taka birkin da ƙarfi har goshinsa ya kusa gaisawa da gilashi. Kwana shida ke nan mijinta yana koya mata mota, kwana shida yana faɗa.

"Kin gani ko? Ko zaman ma ba ki iya ba. Miƙe bayanki. Kuma wannan mayafin..."

Ta kashe motar a gefen titi, ta zare makullin ta ɗora masa a cinya.

"Ina za ki?"

"Inda zan yi numfashi ba a gyara min ba."

Ta tari tasi, sai gidan yayarta.

Shekararsu biyu da aure. Aikinsa duba takalma a kamfani, duk wanda aka ɗinka sai ya bi ta hannunsa, ya jujjuya shi ya nemo aibu. Matsalar ita ce har gida yake tahowa da aikin. Gishiri ya yi yawa. Labule ya karkace. Wa ya kira ki? Me ya tsayar da ke a hanya? Ita da take ma'aikaciyar jinya, take yi wa jariri allura hannunta ko gezau, a gida shayi ma sai ta zubar in yana kallonta.

Kuma tana sonsa, nan ne ciwon. Shi ke goge mata kayan aiki kafin ta farka. Shi ya yi sati guda yana jinyar babanta, ko tsaki bai yi ba.

"Ba inda za ki koma!" in ji Yaya, tana tura mata abinci gaba. "Dubi wuyanki, duk ƙashi. Tun ranar da ya zo gaishe mu ya ce agogon bangonmu ya yi latti, na ce wa Mama wannan sufeto ne, ba miji ba."

Zuma ta yi dariya, hawaye na zuba.

"Yaya, wallahi ba mugu ba ne."

"Oho dai! Ni na ce mugu ne? Cinye ki yake yi da kaɗan-kaɗan."

Mijin ya yi ta kira, ba ta ɗauka ba. Rana ta huɗu da yamma ya zo. Sai da Yaya ta shanya shi a ƙofa, sannan ta bari ya shigo falo, ta ja kujera ta zauna a tsakaninsu ta harɗe hannu.

Gemunsa ya yi buzu-buzu, idanunsa sun faɗa. Zuciyar Zuma ta karye, amma ta dake.

"Kin rame," ya ce. "Ai na sha gaya miki ba kya cin..."

Ya kama bakinsa da kansa.

"Ka san abin da nake yi in na ji tsayuwarka a ƙofar gida?" Zuma ta ce a hankali. "Gudu nake ina dudduba ɗaki kamar wadda ta yi sata. Da can gudu nake in leƙa ta taga in gan ka."

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idanunsa sun yi ja.

"Zumata... ni a zatona kulawa ce. Babana bai taɓa ce min na yi daidai ba har ya koma ga Allah. Cewa yake in ba ya sona, ba zai ɓata yawunsa a kaina ba."

"Allah ya ji ƙan Baba. Amma ni ba haka nake jin so ba."

"To koya min. Don Allah."

"Wayata tawa ce, ƙawayena nawa ne. In ka ga kuskure, tambayi kanka ko zai cutar da wani. In ba zai cutar ba, haɗiye abinka."

"In na kasa fa?"

"Zan ce maka ya isa, sau ɗaya tak. In ka zarce, ka san hanyar gidan nan."

"Kuma a ƙofa za ka yini," in ji Yaya.

Ba ta bi shi ranar ba, sai da ta ƙara sati. Da ta koma ma ba a dare ɗaya ya sauya ba. Wani lokacin bakin ya kan suɓuce, ta ce ya isa, ya fita tsakar gida ya zagaya ya dawo da ban haƙuri.

Wata rana da take hutu, ta sayo fenti ruwan ɗorawa ta hau shafe falo, ba ta shawarci kowa ba. Ya dawo ya same ta a kan tebur, bango rabi fari rabi rawaya, fentin ya zubo layi-layi har kan tayil.

Ya tsaya cak. Tana kallon idonsa yana bin layukan ɗaya bayan ɗaya, yana haɗiye maganar da ta zo bakinsa.

"Zuma..."

"Na'am?"

Ya ajiye jakarsa, ya naɗe hannun riga.

"Akwai wani buroshin? Nuna min inda zan shafa."

Ta sauko ta miƙa masa, ta dangwali fenti da yatsa ta ɗiga masa a hanci.

"Can lungun. Kuma ka yi a hankali, masoyi, zan zo in duba."

"To, ranki ya daɗe."