Auta da Dokinta Mai Tangaɗi

Auta ita ce ƙaramar gidansu, amma duk gidan babu mai son dawaki kamarta. Babanta mai kiwon dawaki ne. Yana da barga a bayan gida, da fili mai shingen katako inda dawakin suke motsa jiki.

A cikin bargar akwai wani ɗan doki ja mai farin goshi. A gaban idon Auta aka haife shi, ita ce kuma ta raɗa masa suna Walƙiya. Ita ke taje masa geza. Ita ke canza masa ruwa. Mama takan ce in da za a ƙyale ta, da tuni ta kai katifarta barga.

Walƙiya ya yi saurin girma, har ya kere sa'o'insa tsawo. Duk baƙon da ya zo gidan sai Auta ta ja shi ya je ya gani. Da Baba ya ga yadda take kula da shi, sai ya bar mata shi a hannunta, shi kuma ya ji da manyan dawakin.

Wata rana Malama ta gaya wa 'yan aji cewa za a yi ranar nuna dabbobi a makaranta. Kowane ɗalibi zai kawo dabbar da yake kiwo. Wani ya ce zomo zai kawo, wata ta ce agwagwa. Auta ta miƙe ta ce ita doki sukutum za ta kawo, kuma za ta zagaya da shi filin makaranta kowa ya gani. Aji ya ɗauki surutu. Ranar da ƙyar ƙafarta take taɓa ƙasa don daɗi.

Kullum bayan makaranta sai ta sa wa Walƙiya ragama, ta riƙe igiya, tana koya masa zagaye. A nan ne ta fara ganin abin da bai yi mata daɗi ba.

Walƙiya yana jan ƙafafunsa na baya a ƙasa. Bakin kofatonsa har ya fara cinyewa. In zai juya sai ya yi tangaɗi, kamar mai jin jiri. In ya tsaya sai ya ware ƙafafu, kamar yana tsoron faɗuwa.

Auta ta tsaya tana kallonsa. Ta san in Baba ya ji, zai ce a bar dokin ya huta, shi ke nan babu zuwa makaranta. To me za ta gaya wa 'yan ajinsu? Sai ta ce wa kanta ƙiwa ce kawai. Ta koma yi masa horo a can ƙarshen fili, inda Baba ba ya hangowa.

Da yamma Baba yakan tambaye ta, “Auta, yaya mutumin naki?”

“Lafiyarsa ƙalau, Baba,” take cewa, idonta a kan kwanon abinci.

Da ranar nuna dabbobi ta matso, Auta ta so Walƙiya ya yi zagayen da sassarfa. Ta kaɗa igiya. Ya yi ƙoƙari, don ba ya ƙin maganarta. Amma yana zuwa kwana sai ƙafafunsa na baya suka harɗe. Ya tafi gaba ɗaya ya faɗa kan shinge. Katako ya karye ya yanke shi a kafaɗa. Igiyar ta fizgi Auta, ta faɗi ta goge gwiwar hannu.

Baba ya zo a guje. Ya fara duba 'yarsa, sannan ya lallaɓa dokin har ya tashi. Walƙiya yana ta rawar jiki, jini yana bin ƙafarsa. Auta ta manta da nata ciwon. Kuka kawai take yi.

Mama ta wanke mata hannu, Baba kuma ya kira likitar dabbobi.

Likitar ta ɗinke raunin, amma ba ta tsaya nan ba. Ta sa Baba ya ja dokin gaba, ya mayar da shi baya, ya juya shi a ɗan ƙaramin da'ira. Ta kama wutsiyarsa ta ja gefe yana cikin tafiya, sai ga shi ya yi luu kamar zai kife. Ta ɗaga kofatonsa ta duba.

“Wannan ba yau ya fara ba,” in ji ta. “Wa yake kula da shi?”

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta dubi kafaɗar Walƙiya da aka naɗe da bandeji. Sai ta matso gaba.

“Ni ce, Likita. Na daɗe da gani. Na ɓoye ne don ina so in kai shi makaranta.”

Baba ya dube ta. Kallon nan ya fi mata bulala zafi.

Likita ta ce wa Auta ta faɗi duk abin da ta gani. Auta ta share hawaye ta faɗa, tun daga jan ƙafa har zuwa yadda yake tsayuwa. Ba ta rage komai ba.

Bayan an ɗauki hoton ƙashin wuyan dokin, likita ta zaunar da su ta yi bayani. Ta ce a cikin ƙashin wuya akwai laka, wadda take kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu. Ƙashin wuyan Walƙiya ya matse lakar, shi ya sa saƙon ba ya isa daidai. Ƙafafunsa ba sa sanin inda za su taka. Ta ce ciwon ya fi kama 'yan dawakin da suka yi saurin girma.

“Ashe ba ƙiwa ba ce?” Auta ta tambaya a hankali.

“Ko kaɗan. Yana iya ƙoƙarinsa ne. Tunda yaro ne, akwai fatan zai samu sauƙi. Amma sai ya huta sosai, a rage masa hatsi, kuma babu gudu.”

Da likita ta tafi, Baba ya ce da Auta, “Dabba ba ta da bakin faɗin inda ke mata ciwo. Ke ce bakinsa. Da a kanki ya faɗo fa?”

Auta ta ba shi haƙuri. Ta ba Mama ma.

Ranar nuna dabbobi ta je makaranta hannu rabbana. Wani yaro ya ce ko dokin ya zama iska ne, yara suka yi dariya. Auta ta nemi izinin Malama, ta fito gaban aji. Ta faɗi abin da ya faru, har da laifinta. Ta kwatanta musu yadda doki mai wannan ciwo yake tafiya, ta nuna musu a wuyanta inda lakar take. Yara suka kasa kunne. Da ta gama, Malama ta ce wannan ɗaliba ta kawo musu abin da ya fi doki, wato gaskiya da ilimi. Aka tafa mata.

Daga nan Auta ta duƙufa jinya. Ta shimfiɗa wa Walƙiya busasshiyar ciyawa mai laushi. Tana auna masa abinci yadda likita ta ce, ko da ya yi haniniya yana neman ƙari. Kowace yamma tana gaya wa Baba abin da ta gani, mai daɗi da marar daɗi.

Watanni suka wuce kafin likita ta yarda a fito da shi fili. Auta ce ta riƙe igiyar. Walƙiya ya taka a hankali. Ya juya dama, ya juya hagu, ya ja da baya, bai yi tuntuɓe ba. Likita ta yi murmushi. Ta ce ba zai zama dokin tsere ba, amma zai yi rayuwarsa lafiya, kuma mai jinyarsa ta iya aiki.

Baba ya dafa kan Auta a gaban likita da Mama.

“Wannan 'yata ce,” ya ce. “Ta yi kuskure, ta faɗi gaskiya, ta kuma gyara da hannunta. Ina alfahari da ita.”

Auta ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta rungume wuyan dokinta a hankali.

Tun daga lokacin ta gane cewa ɓoye ciwo ba ya warkar da shi, sai dai ya ƙara shi. Duk yaron da ya ga abin da ba daidai ba, a jikinsa ko a jikin dabbarsa, ya gaya wa manya da wuri.