Tawadar Allah a Ƙeyar Auta

Amarya tana gyara wa mijinta, Auta, wuyan riga ta yi turus. Tawadar Allah da ke ƙeyarsa ta ƙara faɗi, gefenta ya yi zigi-zigi, har da ɗigon jini.

"Auta, abin nan fa ya canza kama. Mu je likitan fata ya duba."

Kafin ya buɗe baki, Inna, mahaifiyarsa, ta ɗaga labule.

"Likitan me? Tambarin gidan nan ne! Marigayi mahaifinsa ma a nan yake da ita. Daga zuwanki za ki sa a yanka min ɗa?"

"Inna, dubawa kawai..."

"Rufe min baki! Auta, in ka taka asibiti, to ka zaɓa: ko ni, ko ita!"

Auta ya sunkuyar da kai. Da suka keɓe da amarya ya ce, "Sori, ki bar maganar nan. Ba na son in rasa ki."

"Ni ma abin da nake gudu ke nan," ta ce, hawaye na zuba. "Gara a kore ni kana raye!"

Inna ta daina amsa gaisuwarta, dangin miji suka sa ta a baki. Amarya ba ta fasa durƙusawa ba, ba ta kuma janye maganarta ba. Wata safiya ta zauna a gaban surukarta.

"Inna, ki gafarce ni. Ciwon da ya yi ajalin Baba, daga ina ya fara?"

Inna ta kai hannu ƙeyarta, daidai inda tambarin marigayi yake.

"Ɗauko min mayafina," ta ce.

Su uku suka tafi. Likita ta haska wurin da madubi, ta yanki ɗan kaɗan aka kai tes. Da sakamako ya fito ta ce, "Kansar fata ce, amma ba ta yi nisa ba. Za mu cire ta. Wa ya lura?"

Inna ta kamo hannun amarya, ta fashe da kuka. "'Yata ce. Ni kuwa da bakina na ce a kore ta!"

Aka yi aiki, Auta ya warke sarai. Inna da kanta ta tasa sauran 'ya'yanta a gaba zuwa asibiti, tana faɗa duk hanya.

Mai ƙaunarka zai jure fushin kowa don lafiyarka, ba tare da ya zubar da ladabi ba. Tabon da ya canza kuma, a kai shi gaban likita tun da wuri.