Ƙishirwar Gidan Ciyaman

Shekara bakwai unguwarmu ta yi famfo bai ɗiga ba. Sai mata sun tsallaka babban titi da jarkoki kafin a ɗora tukunya, yara kuma su tafi makaranta ƙafa fururu. Ni tela ne, ni ne kuma sakataren kwamitin unguwa, don haka da hannuna na rubuta wa ƙaramar hukuma takardun koke har na haddace su. Kansila ya zo sau ɗaya, ya tsaya a kan kwalbati aka ɗauke shi hoto, ya tafi. Da muka gane babu mai zuwa, muka yi karo-karo gida-gida, har da zawarawa da 'yan haya, muka haƙa burtsatse a filin da ke gaban shagona, muka ɗora mata tanki.

Sai aka ce a zaɓi wanda zai riƙe kwamiti. Kowa ya nuna mai gyaran famfon layinmu, mutum mai zafin nama, wanda ba ya ƙyamar shiga lambatu ya yashe. Daga ranar sunansa ya ɓace, ya koma Ciyaman. Ni na fara ɗaga masa hannu, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Shekarar farko bai yi laifi ba. Zuwa taro a sakatariya ne ya lalata shi. Can ya riƙa ganin 'yan kwangila, waɗanda ba su san sifana da filaya ba, suna fitowa daga motoci masu sanyi, shi kuwa yana tura tsohon babur ɗinsa sai ya yi gumi kafin ya tashi. Ya fara zama a bencin shagona yana tsaki, yana cewa shi ke shan wari wasu na shan daɗi. Nakan ce masa ya yi haƙuri. Ashe ba haƙuri ya fita nema ba.

Abin da zan faɗa yanzu ba jita-jita ba ne. Da bakinsa ya faɗe shi daga baya, yana durƙushe cikin taɓo, unguwa duka tana ji.

Wata Laraba da rana tsaka ya wuce bolar bayan gari, ya isa wani tsohon gidan bulo da aka daina aiki. Can ƙarshe akwai ɗaki marar taga, da ƙofar langa-langa. Ciki duhu ne da sanyi, da ƙarnin jini, da wani hayaƙi mai ɗaci da ke kama maƙogwaro. Da idonsa ya saba, ya ga ƙahoni rataye da igiya, da busassun ƙadangaru, da kwalabe cike da gashi da farce, da wani ƙyalle da aka ce fari ne a da. A tsakiyar ɗakin ɗan tulu ne, bai fi kan jariri ba, an ɗaure wuyansa da jan zare. Bokan siririn tsoho ne mai tsagaggen leɓe. Bai amsa sallama ba. Ya ɗauki bokiti cike da ruwa ya juye a ɗan tulun, ya juye na biyu, ya juye na uku. Tulun bai cika ba. Daga cikinsa kuma Ciyaman ya ji ana haɗiya, ƙut, ƙut, kamar maƙogwaron mutum.

Boka ya tambaye shi abin da ya kawo shi.

"Arziki nake so, Baba. Ba na baɗi ba, na yanzu. Kuma in na yi magana a taro, kada a sami mai musa mini."

Tsohon ya tambaye shi me yake riƙe da shi a duniya. Ya ce ruwan unguwa.

"To ka zo daidai. Wannan da ka ji, ƙishirwa gare shi. Ka binne shi a gindin tankinku, zai janyo maka ruwan ƙasa duka, kai kuma ka sayar. Amma shi ma sai ya sha."

"Ruwa?"

"Mutum. Cikin mutanenka zai riƙa ɗauka, waɗanda kake shayarwa."

Ciyaman ya gaya mana daga baya cewa a wannan lokacin fuskokinmu ya riƙa tunawa, gida sama da ɗari biyu, ya ce a ransa in an rasa ɗaya nan ɗaya can wa zai lura, dama mutuwa ake yi.

"Unguwa guda nake shayarwa," ya ce. "Ya zaɓa."

Boka ya sa shi ya maimaita sau uku, bakinsa a bakin tulun. Ya tsaga masa harshe da reza, jini ya ɗiga ciki, aka haɗiye. Sannan ya gargaɗe shi da abu ɗaya: kada tulun ya sake ganin rana, in ya gani, wanda ya binne shi ne abin sha.

Ku ji fa. Bai yi ciniki ba, bai ce a rage ba, bai ce a ɗauki rago a bar mutane ba. Mu da muka ɗora shi, da 'ya'yanmu da tsofaffinmu, ya miƙa mu kamar canjin da ya rage a aljihu. Washegari ya ce bututun ƙasa yana yoyo, zai tona ya gyara. Ni na ara masa shebur.

Ba a yi wata biyu ba rijiyoyin unguwannin maƙwabta suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, tamu kuwa sai ambaliya, tanki na cika kafin inji ya yi zafi. Ciyaman ya kira taro a ajin firamare inda muka saba zama. Ya ce daga yau za a sa wa famfo kwaɗo, kowace jarka sai an biya, wai don gyara. Akwai wata tsohuwar nas a layinmu da ta yi ritaya, muna kiranta Sista, mace ce da ko likita shakkar bakinta yake. Ta miƙe, idonta jawur, ta buɗe baki. Ina kusa da ita, na ga harshenta ya manne a dasashi. Ta yi ta motsa leɓe, ƙarshe ta ce babu komai, ta zauna. Ni ma na so in yi magana, na ji bakina ya bushe kamar na tauna toka. Muka ɗaga hannu gaba ɗaya. Da hannuna na rubuta cewa unguwa ta amince.

Daga nan dukiya ta ɓarke masa. Tankokin dakon ruwa suka riƙa layi tun daga bakin titi, suna farfasa mana kwalbati. Ya sayi tanka ɗaya, ya sayi uku, ya buɗe gidan ƙulla ruwan leda. Ya rushe gidansa ya tayar da bene, katangarsa ta hau kan lambatu ta toshe shi, damina ta zo ruwa ya shiga ɗakunan mutane har gado. Filin da muka ware don ɗakin shan magani ya yanka ya sayar. Kansilan da bai san hanyarmu ba ya koma zuwa gaishe shi. Matan da suka sayar da 'yan kunnensu aka haƙa burtsatsen, su ne ke tsayawa a rana suna sayen ruwansu, in kuɗin mace bai cika ba a juye mata jarka. Gidansa kaɗai ya ja wa bututu na musamman, su suna sha kyauta, har da wanke mota.

Mahaifiyarsa aka fara da ita. Inna tsohuwa ce mai kirki, takan saci ruwa a bokiti ta miƙa wa maƙwabta ta ƙofar baya. Ta wayi gari tana neman ruwa. Ta sha kofi, ta sha kwano, ta kafa kai a bokiti. Aka kai ta asibiti, aka yi ta yi mata ƙarin ruwa leda bayan leda, likitoci suka ce ba su ga komai ba. Kwana tara ta rasu, leɓenta a tsage, fatarta ta manne wa ƙashi.

Bayan wata huɗu aka tsinci ƙaninsa, wanda ke tuƙa masa tanka, a bakin titi da azahar. Inji na aiki, tanki cike a bayansa, shi kuwa yana kan sitiyari a bushe kamar fatar da aka shanya. Matar Ciyaman ita ta fara cewa tana jin ana haɗiya a cikin bango. Ta riƙa bin ɗakuna tana buɗe famfuna, tana cewa a ba shi, a ba shi ya ƙyale mata yara. Ta yayyaga labule, ta fito titi ba ɗankwali, ƙarshe aka kulle ta a ɗakin sama. Sai autansu, yaro ɗan shekara shida, ya fara neman ruwa.

Ranar ce Ciyaman ya koma gidan bulo, ya shaƙe wuyan rigar boka, yana cewa an cuce shi, 'yan unguwa aka yi alkawari ba iyalinsa ba. Tsohon ya cire hannunsa a hankali.

"Cewa na yi waɗanda kake shayarwa. Wanda ya biya ya sha, kansa ya shayar. Tun ranar da ka sa kwaɗo unguwa ta daina zama mutanenka. Na cikin tulun ya duba, ya ga waɗanda ke sha kyauta."

Mai sauran imani a nan zai tsaya. Ya binne uwa, ya binne ƙani, mata ta haukace. Amma abin da Ciyaman ya tambaya shi ne, in ya buɗe famfo kowa ya sha kyauta fa? Boka ya ce to sai zaɓi ya yi yawa.

Ya dawo ya kira taro, ya sa fararen kaya, har da hawaye. Ya ce rasuwar Inna ta girgiza shi, daga yau ruwa sadaka ne, Allah ya kai ladan kabarinta. Ya cire kwaɗon da hannunsa. Muka yi ta sa masa albarka, mata na guɗa, ni kuma na rubuta godiyar unguwa shafi guda. Ranar yara har wanka suka yi a bakin famfo.

Kwana uku autansa ya tashi ya nemi abinci. A ranar kuma jikar Sista, yarinya 'yar shekara biyar mai yawan surutu, wadda kan zo shagona tsintar ƙyallaye ta yi wa 'yar tsanarta riga, ta fara cewa Kaka ruwa. Sista ta yi duk abin da shekara talatin na aikin asibiti suka koya mata. Yarinyar ba ta kai mako ba.

Babbar 'yar Ciyaman ce ta tona. Ta ji uban a bakin ɗakin da aka kulle uwar, yana lallashinta ta ramin makulli, yana cewa ta kwantar da hankalinta, ya juya abin kan unguwa. Yarinyar ta zo wurin zaman makoki, ta durƙusa gaban Sista, ta ce, "Mama, ku daina shan ruwan nan. Babana ne." Ta faɗi duk abin da ta ji.

Ban taɓa ganin unguwarmu haka ba. Samari suka jawo shi daga cikin mota, wasu har sun ɗauko fetur. Sista ta hana. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta sa aka kai shi gindin tanki, inda ruwa ya yi taɓo, ya durƙusa ya zayyana komai tun daga gidan bulo. Wannan karon babu bakin da ya bushe. Ta miƙa masa diga ta ce ya tono abin da ya binne.

"Sista, ki yi wa Allah. In ya ga rana ni zai sha."

"Dama kai ya kamata tun farko. Tona."

Ya tona yana kuka. Tulun ya fito da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi, jan zaren ko dauɗa bai yi ba. Rana na taɓa shi muka ji haɗiya a cikin tanki, mai ƙarfi, har ƙarafan da ke ɗauke da shi suna rawa. Tankin da ke cike ya zama fanko. Aka kunna inji, sai baƙin laka. Tulun ya tsage biyu, babu komai ciki, ko danshi. Ciyaman ya ɗago kai ya ce a ba shi ruwa.

Kwana goma sha ɗaya ya yi. 'Yarsa ce kaɗai ke kai masa bokiti, har ya koma lasar bangon banɗaki. Kafin ya cika, ma'aikatansa sun watse da abin da hannunsu ya kai, tankokin sun tsaya sun ƙi tashi, benen ya tsage daga sama har ƙasa a daidai inda ya hau lambatu. Kawun yaran ya zo ya kwashe su da uwar, wadda har yau ba ta dawo hayyacinta ba. Ni aka kawo wa likkafaninsa. Da aka gaya mini tsawon gawar na ɗauka kuskure aka yi, don abin da na yanka bai fi na yaro ɗan shekara goma ba.

Mun toshe burtsatsen da kankare. Mun haƙa wata a ƙarshen layi, Sista ke riƙe da kwamiti, kuma kowane taro ƙofa a buɗe ake yinsa, mai magana ya yi maganarsa.

Kai da aka ba riƙon wani abu na jama'a, ko makulli ne, ko hatimi, ko fili, kuma zuciyarka ta fara raya maka cewa akwai gajeriyar hanya, ka saurare ni. Boka ba ya ba da komai, saye yake, kuma ba ya karɓar abin da ba ka so. Za ka shiga kana tsammanin maƙwabta ka sayar, ka fito ka tarar uwarka ka kai. Mu kuma da muke ganin mutum ya kwana talaka ya tashi da bene a kan haƙƙinmu, mu bi shi da gaisuwa har ƙasa, kada mu ce ba mu da laifi. Ni na gafarta wa kaina rashin sani, ban gafarta wa kaina shiru ba. Shi kuwa Ciyaman, ya je can ya tarar da jikar Sista, ya yi mata bayani da kansa.